KASHI NA BIYU: SABON TUWO NE KO ƊUMAME?

Daga Wakilinmu a Keffi

Duk wanda ya taɓa sayen kaset na wasan ban dariya ya san wannan ɓacin rai. Ana tsakiyar dariya, an kama gwanin wasan da kayan mutane a hannu ana shirin kai shi gaban mai unguwa, sai hoto ya tsaya cik, rubutu ya fito a jikin telebijin wai mu haɗu a kashi na biyu. Mai gida ya yi tsaki, yara su dinga magiya, gari na wayewa a sake aiken yaro shago da wani kuɗin. To abin da muke so mu duba a wannan fili yau shi ne, shin na biyun nan da ake tilasta wa mutum ya saya yakan kai na farko daɗi kuwa? In kuma bai kai ba, me ke hana shi?

Keffi wuri ne da ya dace a tsaya a yi wannan awo, domin gari ne na kan hanya. Wanda ya taso daga Abuja tafiyar kilomita 50 da 'yan kai za ta kawo shi nan, in ya zarce Akwanga sai hanya ta rabu biyu, ɗaya ta hau Jos, ɗaya ta gangara Lafiya da Makurɗi har ƙasar Ibo. Saboda haka tun zamanin kaset kayan kasuwa biyu ne ke haɗuwa a shagunan garin, watau na Ƙofar Wambai da Bata ta Kano, da kuma na Idumota ta Ikko da titin Iweka na Anaca. Ko Bahaushe ne ko Bafulatani, ko Gwandara ko Eggon ko Mada, ko ɗan kasuwa Ibo, da wuya ka sami wanda bai san Ibro ba kuma bai san Osuofia ba, sau da yawa ma a kan benci guda suka kalle su. Ku kuma 'yan'uwa da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, halinku ɗaya da na mutanen Keffi ta wannan fuska, don ku ma daga tukunya biyu kuke ci.

Kafin a yi nisa ya kamata mai karatu ya san cewa yawancin abin da ake kira kashi na biyu a wasannin Hausa ba sabon wasa ba ne sam. Wasa ɗaya ne aka ɗauka a lokaci guda, aka zo wajen tacewa aka sa wuƙa aka raba shi biyu. Dalilin haka kuwa yana cikin yadda kasuwar take tafiya tun bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a cikin 1990. Mai shirya wasa ba shi ne ke buga kaset ba. Shi dai nasa ya kai wa 'yan kasuwa uwar kaset, ya buga kwalaye masu hoto ya sayar musu, su kuma su kwafa a kan nasu kaset ɗin su zura a kwali su sayar. Watau ribar mai wasa a kwali take. In wasa ɗaya ya fita a kwali ɗaya, kuɗi ɗaya ke nan. In ya fita a kwali biyu, kuɗi ya ninka alhali kuwa ba a ƙara wa 'yan wasa ko kwabo ba. Daɗin daɗawa ga masu satar kwafi, waɗanda ba su barin sabon wasa ya yi mako biyu a kasuwa ba su cika gari da na jabu ba. Wanda ya zuba jarinsa dole ya nemi ta inda zai kwashe nasa da sauri. Haka abin yake a Kudu ma, don Living in Bondage da Kenneth Nnebue ya fitar a 1992 bai shekara biyu ba sai ga na biyunsa a 1993.

Masu sana'ar a Kano suna da sunan da suke kiran wasan ban dariya mai arha, suna ce masa camama. Kyamara ɗaya, ƙauye ɗaya, 'yan kwanaki kaɗan an gama. Labarin ma ba lalle a rubuta shi filla-filla ba, sai a gaya wa ɗan wasa ga abin da zai faru, sauran magana daga bakinsa za ta fito. To irin wannan wasa in an raba shi biyu, ina za a zuba mafi daɗin? A na farko mana, don shi ne tallar na biyu. Shi ya sa mutum zai sa na biyu ya tarar an ɗebe masa lokaci mai tsawo ana tallar wasannin da ke tafe, sa'an nan a maimaita masa ƙarshen na farko wai don tuni, sa'an nan a sako waƙa da rawa, kafin a zo ga ɗan abin da ya rage na labarin. Wanda ya ce na biyu bai kai na farko ba a nan bai yi ƙarya ba, amma fa laifin na wuƙa ne, 'yan wasan ba su san ma inda za a yanka ba.

OSUOFIA YA TAFI, OSUOFIA YA DAWO

Inda magana ta fi daɗin dubawa shi ne wasan da na biyunsa ya sake wuri ya sake hali, har ana iya ajiye su gefe da gefe a gwada. Misalin da kowa ya sani, Kudu da Arewa, shi ne Osuofia in London wanda Kingsley Ogoro ya shirya ya fitar a 2003, Nkem Owoh ya fito a matsayin Osuofia. A ma'aunin Ikko na wancan lokaci ba a ce masa mai arha ba tunda har Landan aka je, amma in an gwada da abin da Turawa ke kashewa a nasu, ai kuɗin cefane ne.

Ga yadda na farko yake. Osuofia maharbi ne a ƙauye, ga tarin 'ya'ya mata ga talauci, harbin ma ba ya samun komai. Kwatsam sai labari ya zo ɗan'uwansa Donatus ya rasu a Landan ya bar masa dukiya mai yawa. Ya ɗaura ɗamara ya hau jirgi. Daga saukarsa kuwa komai ya zama abin dariya. Ya ga tattabaru birjik a dandalin Trafalgar ba mai taɓa su, shi kuwa maharbi, sai ya cafke ɗaya don miya, 'yan sanda suka yi awon gaba da shi. Ya tarar da Baturiyar da ɗan'uwansa zai aura, Samantha, ya ce ai bisa al'adar garinsu ita ma tana cikin gado. Ita kuma da wani mai kula da lissafin mamacin, Ben Okafor, suna ta ƙulla yadda za su sa ya sa hannu a takarda su kwashe dukiyar. Suna ganin sun sami wawa, ashe baƙauyen ya fi su taurin kai a kan abin da ya shafi kuɗi.

Na biyu ya fito a 2004, kuma a nan an juya tabarma. Osuofia ya dawo ƙauyensu da Baturiya a matsayin amarya. Yanzu shi ne ɗan gari, ita ce baƙuwa. Ita ce ba ta san yadda ake girki a murhu ba, ita ce uwargida ke harara, ita ce mutanen gari ke taruwa kallo. Tana nan dai tana neman hanyar da za ta raba shi da kuɗin, har daga ƙarshe aka sasanta ta koma ƙasarsu.

A ganina dabarar juya tabarmar nan dabara ce ta mai hankali, kuma ita ta hana na biyun faɗuwa warwas. Duk da haka bai kai na farko ba, kuma ga dalili. Mu masu kallo Osuofia muka biya kuɗi mu gani, shi ne mai bakin, shi ne mai idon. A Landan kowane taku ya yi sai ya yi karo da abin da bai taɓa gani ba, mu kuma muna jiran mu ji ta inda zai ɓullo. Da ya koma gida sai ya zama ba abin da zai ba shi mamaki. Baƙuntar ta koma kan Samantha, ita kuwa ba gwanar ban dariya ba ce, kuma mai kallo bai damu da ita ba kamar yadda ya damu da shi. Sai wasan ya karkata ya zama rikicin kishiyoyi da makircin gado, abin da muka gani sau ɗari a wasu wasannin. Akwai dariya a ciki, ba a hana shi ba, amma irin dariyar da ka san tana zuwa ce tun daga nesa.

To a nan ne asirin abin yake. Galibin wasan ban dariya mai arha a kan baƙo aka gina shi. Ba shi da kuɗin fasa motoci ko ƙona gidaje, jarinsa kawai mutum guda da aka ajiye a inda bai saba ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma tuntuɓen makahon nan shi ake sayarwa. Amma baƙunta ba ta daɗewa. Ku da kuka zo Kurmi neman abinci kun fi kowa sanin haka. Ranar da mutum ya fara sauka a Ikko, ya ga motar haya ba ta tsayawa sosai sai dai a yi tsalle a kama, ya ji kwandasta na kiran sunayen unguwanni kamar ana faɗa, ya biya kuɗin abu ninki biyu don bai iya ciniki da Yarbanci ba, wannan rana tana da labarin da zai yi shekara ashirin yana bayarwa ana dariya. Amma a tambaye shi labarin shekararsa ta biyu mana. Sai ya ce lafiya lau, mun gode Allah. Ya riga ya zama ɗan gari, shi ne ma yanzu ke zuwa tasha tarbar sababbi. Mai shirya kashi na biyu da wannan matsala yake kokawa, ko ya sani ko bai sani ba. In ya bar gwanin nasa ya waye, dariya ta ƙare. In ya hana shi wayewa, mai kallo ya ce wannan ai ba baƙauye ba ne, dolo ne, ya daina tausaya masa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Manya daga cikinku za su tuna da wasan nan na Afirka ta Kudu, The Gods Must Be Crazy, na Jamie Uys, wanda ya fito a 1980, inda aka jefo kwalbar Coca-Cola daga jirgin sama ta faɗa wa mutanen dajin Kalahari, ta haddasa musu rigimar da ba su taɓa sani ba, har ɗayansu ya ɗauke ta zai kai ƙarshen duniya ya yar. Da aka yi na biyu a 1989 babu kwalba, sai aka sa 'ya'yansa biyu suka maƙale a motar masu satar hauren giwa yana bin sawunsu, aka kuma jefo wata lauya daga Amurka cikin daji don a sami sabuwar baƙuwa. Dubi dai, dabarar Osuofia ce tun kafin Osuofia. Hoto ya fi kyau, amma har yau in aka ambaci wasan kwalbar ce ke zuwa zuciyar mutane. Abu ɗaya da na biyun ya fi na farko shi ne ladan ɗan wasan, N!xau mutumin Namibiya, wanda aka sallama da abin da bai taka kara ya karya ba a karon farko, a karo na biyu kuwa ya san darajar kansa ya yi ciniki. Ya rasu a 2003.

HANYAR DA IBRO YA BI

Marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta sani da Ibro, ya gano wata hanya ta kauce wa wannan rami, kuma hanyar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Ku duba tatsuniyar Gizo. Yau an kama shi an yi masa duka, gobe wata tsohuwa ta buɗe baki ta ce ga ta nan ga ta nanku, sai ga Gizo garau kamar ba abin da ya same shi, da sabuwar yunwa da sabuwar dabara. Ba wanda ya taɓa neman kashi na biyu na tatsuniyar jiya. Haka Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru a rediyo da telebijin na Kaduna, haka Karkuzu ya yi a telebijin na Jos, wanda mutanen Keffi suka sani sarai tunda garin yana cikin Jihar Filato har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Mutumin ɗaya ne kullum, rigimar ce sabuwa kowane mako.

Ibro ya ɗauko wannan ya kawo kasuwar kaset. Maimakon ya ci gaba da labarin jiya, sai ya sake hula ya sake riga ya koma baƙo a wata sabuwar duniya. Yau shi ne Ibro Awilo yana kwaikwayon mawaƙin nan na Kwango, Awilo Longomba, lokacin da kiɗansa ya cika Nijeriya. Gobe Ibro Ɗan Fulani ne, jibi Angon Hajiya. Sunan Ibro shi ne tambarin da ke sayar da kwali, abin da aka liƙa masa a baya shi ne sabon garin da aka kai makahon. Da haka ya yi shekaru yana fitar da wasa bayan wasa mutane ba su gaji ba, har ya zama akwai lokacin da ɗan kasuwa in ya ga fuskarsa a kwali ba ya tambayar abin da ke ciki.

Amma shi ma bai tsira gaba ɗaya ba, don akwai inda ya koma ya ɗebi ruwa a rijiyar da ya riga ya ɗiba. A 2002, 'yan watanni bayan Amurka ta auka wa Afganistan, aka fitar da Ibro Usama. Abin ya ta da ƙura a Kano, domin ba a taɓa ganin an ɗauki maganar da duniya ke yaƙi a kanta an miƙa wa 'yan camama ba, wasu na ganin raini ne, wasu na ganin ƙarfin hali ne. Da Amurka ta shiga Iraƙi a 2003 sai ga Ibro Saddam. Ba ci gaban labarin farko ba ne, amma a tukunya ɗaya aka dafa su, Ibro ya sake zama abokin gabar Amurka. Sai dai abin da ya sa na farko ya yi amo shi ne ba wanda ya zaci za a yi. Karo na biyu kowa ya zata, tun ana jin labarin yaƙin a rediyo mutane sun san camama na tafe. Ɗumame kan yi daɗi da safe, wani ma ya fi son sa a kan sabon tuwo, amma ba wanda ke tara maƙwabta don ya ɗumama tuwo.

Akwai kuma wata illa ta maimaici da ba a cika faɗa ba, wadda a gari irin Keffi ta fi fitowa fili. Wasannin nan suna yawan cin abinci da kwaikwayon harshen wata ƙabila. A na Kano za ka ga Ɗan Gwari da Bafulatanin daji da ɗan kasuwa Ibo mai karya Hausa. A na Ikko da Anaca kuma ga namu, mai gadi da hula da ƙaramar rediyo, ana ce masa aboki, ba ya gane komai. Karon farko akan yi dariya tare, har wanda ake kwaikwaya yakan dara, don akwai labarin da ya ɗauki abin, sau da yawa ma wanda aka raina ne ke cin nasara a ƙarshe. Amma in labari ya ƙare aka rasa abin cika kashi na biyu, sai a koma kan karya harshen kawai a yi ta nanatawa. A nan ne za ka ga wanda ke gefenka a benci ya daina dariya. Duk ɗan Arewan da ya zauna cikin maƙwabtansa a Kudu ana kallon mai gadin nan karo na goma ya san yadda abin yake a rai, ya kamata kuwa ya tuna da haka ran da yake ƙyaƙyata wa Ɗan Gwari.

Kada kuma a ɗauka sana'ar ban dariya wasa ce ga masu yin ta. A cikin 2008, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ibro wata biyu a kan wasan Ibro Aloko, bisa zargin rawar da ba ta dace ba da kuma rashin rajistar kamfani. Abin mamaki, mutumin nan aikin gandiroba ya yi shekaru kafin ya koma wasa ɗungurungum, sai ga shi ya shiga gidan a matsayin ɗaurarre. Rawa da waƙar da ake cusawa don a cika kwali, ita ce dai ta zama igiyar da aka kama shi da ita. Ya fito ya ci gaba da sana'arsa, ya yi irin su Andamali, har Allah ya karɓi ransa ran 10 ga Disamba, 2014. Allah ya jiƙansa.

Yanzu kam kasuwar kwali ta mutu. Kaset ya ba faifai wuri, faifai ya ba waya wuri, shagunan haya sun koma wurin cajin waya da tura wasanni. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sa'an nan YouTube ya buɗe wa kowa ƙofa, masu shirya wasa suka koma ga mai dogon zango, watau dai hanyar su Samanja ta mako-mako aka komo. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, wanda ya fara a 2019, ya sami abin da camama ba ta samu ba, domin an zuba 'yan wasa da yawa a gida ɗaya, ga tsoho mai dukiya ga 'ya'ya kowa na hangen rabonsa, in dariyar wannan ta yi sanyi sai a juya kan wancan. Duk da haka gardamar ba ta mutu ba, suna kawai ta sake, don yanzu za ka ji samari a wurin mai shayi suna musun ko zango na uku ya kai na farko.

Wasannin Ibro kuwa suna nan suna yawo a wayoyin mutane daga Keffi har Fatakwal, amma ba a yadda aka sayar da su ba. An yayyanka su gutsure-gutsure, minti biyu minti uku, an ɗebe talla an ɗebe rawa an bar wurin dariyar kawai. Yaron da ke kallo a bakin tasha bai san sunan wasan ba, balle ya san ko daga na ɗaya aka yanko ko daga na biyu.